Raunin da Ba Ya Warkewa: Tsokaci a Kan Fim ɗin Manchester by the Sea

Gabatarwa

A shekarar 2016 marubucin wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Amurka, Kenneth Lonergan, ya fitar da fim na uku da ya ba da umarninsa, mai suna Manchester by the Sea, bayan You Can Count on Me na shekarar 2000 da Margaret na 2011. An fara nuna shi a bikin baje kolin finafinai na Sundance a watan Janairun wannan shekara, sannan a bikin Oscar na 2017 ya lashe lambobin yabo biyu daga cikin rukunoni shida da ya shiga takara: Casey Affleck ya zama gwarzon jarumi, shi kuma Lonergan ya karɓi lambar rubutun labari. Sai dai abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ƙorafi da na sha ji daga bakin abokan karatu da muka kalli fim ɗin tare. Sun ce fim ne da ya shafe fiye da sa'o'i biyu yana nuna mutum cikin baƙin ciki, sannan ya ƙare ya bar shi a cikinsa. Ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni: to, ina darasin yake?

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ƙin warkar da babban tauraron da ake kuka da shi, a nan gaskiyar fim ɗin take, kuma a nan darasinsa yake. Akwai rashin da mutum ke rayuwa da shi har ya koma ga Mahaliccinsa. Labarin da ya amince da haka ya fi mutunta wanda aka yi wa rashi a kan labarin da ke gaggawar share masa hawaye domin 'yan kallo su tashi da sanyin zuciya.

Labarin a Taƙaice

Lee Chandler ma'aikacin gyare-gyare ne a wasu gidajen haya guda huɗu a Quincy, kusa da birnin Boston a jihar Massachusetts. Shi ke kwashe shara, ya share dusar ƙanƙara daga ƙofar gida, ya gyara famfo da bayan gida. Yana kwana a wani ƙaramin ɗaki na ƙarƙashin bene, ba ya hira da kowa, idan kuma ya je mashaya sai ya tsokano faɗa ba gaira ba dalili. Wata rana aka kira shi a waya cewa yayansa Joe, wanda ya daɗe yana fama da ciwon zuciya, yana asibiti. Kafin ya isa rai ya yi halinsa.

Wannan rashi ya tilasta masa komawa mahaifarsa, wani ƙaramin gari a bakin teku arewa da Boston, wanda daga sunansa fim ɗin ya samo suna. A ofishin lauya ya tarar Joe ya bar wasiyya cewa shi ne zai riƙe ɗansa Patrick mai shekara 16, har ya ware kuɗin da Lee zai yi ƙaura da su ya dawo garin. Mahaifiyar yaron, Elise, ta daɗe da barin gidan saboda shaye-shaye.

A wannan ofishin ne fim ɗin ya buɗe abin da ya daɗe yana ɓoyewa. A shekarun baya Lee yana da mata mai suna Randi da 'ya'ya uku, biyu mata da jariri namiji. Wani dare na hunturu, bayan abokansa sun watse daga shagalin da suka yi a gidansa, ya ga sanyi ya yi yawa a ɗakin yara, ya ƙara itace a murhun ɗumama gida, ya fita a ƙafa zuwa kanti don ya ƙaro giya. A hanya ya tuna bai tabbatar ko ya sa ragar da ke tare garwashi a bakin murhun ba, amma ya ci gaba da tafiya. Da ya dawo ya tarar gidan na ci da wuta. 'Yan kwana-kwana sun fito da Randi da rai, yaran uku kuwa ba su tsira ba. A ofishin 'yan sanda ya faɗi komai bai rage ba, har da giyar da ya sha da hodar iblis. Suka ce masa mummunan kuskure ya yi, amma doka ba ta hukunta mantuwa irin wannan, yana iya tafiya gida. Yana fitowa ya fizge bindigar wani ɗan sanda ya nufi kansa da ita, ba ta tashi ba, aka danne shi.

Sauran fim ɗin watanni ne na zaman kawu da ɗan wansa a gidan mamacin. A ƙarshe Lee ya zaunar da Patrick ya gaya masa cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, abin ya fi ƙarfinsa, ba zai iya zama a garin ba. Ya shirya George, aminin Joe, da matarsa su karɓi riƙon yaron, shi kuma ya koma aiki a Boston.

Ƙasar da ta Ƙi Karɓar Gawa

Abu na farko da zai ɗaure wa Bahaushe mai kallo kai shi ne jinkirin binne Joe. Mu da muka saba a rasu da safe a kai mutum makwancinsa kafin la'asar, sai ga shi ana cewa sanyin hunturu ya daskarar da ƙasa, ba a iya haƙa kabari, kuma ba a yarda a shiga tsohuwar maƙabartar garin da manyan injinan haƙa ba. Saboda haka aka yi addu'ar jana'iza a coci, aka ajiye gawar a ɗakin sanyi har sai yanayi ya yi ɗumi.

Lonergan ya gina fim ɗin baki ɗaya a kan wannan jira. Patrick ya karɓi labarin mutuwar mahaifinsa kamar bai dame shi ba. Ya ci gaba da wasan hoki, da ƙungiyar kiɗansu, da 'yan matansa biyu da kowace ba ta san da ɗayar ba. Sai wani dare ya buɗe firiza, daskararren nama ya zubo ƙasa, ya yi ta ƙoƙarin mayarwa yana sake zubowa. Nan take numfashinsa ya sarƙe, ya fashe da kuka, domin abin da ya gani a firizar ya tuna masa inda mahaifinsa ke kwance. Lee bai san abin da zai ce ba. Ya dai ƙi barin yaron ya kulle kansa a ɗaki, ya zauna kusa da shi har barci ya ɗauke shi.

Daga nan mai kallo zai fahimci cewa jimami iri biyu ake nuna masa a gida guda. Na Patrick yana tafiya tare da yanayi. Mutuwar Joe abu ce da likita ta daɗe da gargaɗi a kanta, ba ta da alhakin kowa, don haka tana da hanyar wucewa. Kusa da ƙarshe muna ganin yaron yana caka sanda a ƙasar maƙabarta don ya ji ko ta saki. Ta saki kuwa, aka binne Joe, Patrick ya doshi rayuwarsa. Na Lee kuwa bai motsa da sauyin yanayi ba. Da a ce fim ɗin Lee kaɗai ya nuna, da masu cewa fim ne na yanke ƙauna suna da hujja. Amma ya ajiye su biyun kafaɗa da kafaɗa domin a ga cewa yawancin rashi yana sauƙi da lokaci, wani kuma ba ya yi, kuma bambancin yana cikin irin rashin da ya auku, ba a ƙarfin halin wanda ya same shi ba.

Hukuncin da Ba a Yanke Ba

Abin da ya bambanta rashin Lee shi ne yadda ya cakuɗe da alhaki. Ya shiga ofishin 'yan sanda yana jiran a ɗaure shi, aka sallame shi. Tun daga ranar shi ke zartar wa kansa hukuncin da hukuma ta ƙi yankewa. Ɗakin da ya zaɓa ya yi kama da kurkuku, har sai da Joe ya tilasta masa ya sayo masa kujeru da kayan ɗaki. Faɗan da yake tsokana a mashaya neman duka ne. Idan mace ta nuna tana son sa sai ya yi gum har ta gaji ta tafi. Garin ma bai manta ba: mutane na raɗa sunansa idan ya wuce, kuma da ya je neman aiki wata mata ta ce kada ta sake ganin sa a wurin.

Fitowar da aka fi tunawa da ita a fim ɗin ita ce haɗuwarsa da Randi a kan titi, tana tura keken jaririn da ta haifa a sabon aurenta. Michelle Williams ce ta fito a matsayinta. Cikin kuka ta nemi gafararsa a kan munanan maganganun da ta faɗa masa bayan gobarar, ta ce ta san zuciyarsa a karye take kamar tata, ta roƙe shi su zauna su ci abinci tare ko sau ɗaya. A mafi yawan finafinai nan ne kiɗa ke tashi, a rungumi juna, nauyi ya sauka. A nan kuwa Lee ya kasa haɗa jimla guda. Ya yi ta in'ina, ya ce mata babu abin da ya rage a cikinsa, ya juya ya tafi. Daga nan mashaya ya nufa, aka yi masa jina-jina.

Na ɗauki wannan fitowa a matsayin mafi gaskiyar abin da aka nuna. Mutumin da ya jingina rayuwarsa a kan cewa ya cancanci azaba, yafiya tana zare masa abin da ya jingina da shi. Tsanar Randi wani ɓangare ce na hukuncin da yake ganin ya dace da shi, kuma da ta janye ta sai ya rasa abin riƙewa. Duk wanda ya taɓa zama da mahaifin da ɗansa ya rasu ta sanadin wani sakaci nasa, ya san cewa faɗa masa ba laifinsa ba ne sau da yawa ƙara masa nauyi yake yi, domin shi ya san inda laifin yake.

Salon da ya Dace da Jigon

Zubi da tsarin fim ɗin sun bi wannan jigo sau da ƙafa. Waiwayen da ake yi zuwa shekarun baya ba ya zuwa da wata alama: launin hoto ba ya sauyawa, ba a rubuta shekara a ƙasan allo. Lee na tuƙi ko yana sauraron lauya, kwatsam sai mu gan shi a tsohon gidansa yana wasa da 'ya'yansa. Haka tunani ke yi wa mai jimami, ba ya sallama kafin ya shigo. Hotunan yaran uku da yake ajiyewa a kan teburi kuwa, ba a taɓa juyo mana da fuskarsu ba. Muna ganin yadda yake naɗe kowane a hankali idan zai yi ƙaura, muna kuma ganin fuskar Patrick ranar da ya tsaya a gabansu.

Haka nan fim ɗin bai ɗaga mutuwa sama da ƙananan wahalhalun yau da kullum ba. A safiyar gobarar ma'aikatan motar asibiti sun yi ta fama da ƙafafun gadon da aka ɗora Randi, sun ƙi naɗewa. Bayan fitowa daga wurin masu shirya jana'iza, Lee da Patrick sun manta inda suka ajiye mota, suna yawo cikin sanyi suna gardama. A coci wayar wani ta yi ta ruri ana tsakiyar addu'a. Wanda ya taɓa zama a gidan makoki ya san haka abin yake: ana kuka a ɗaki, a tsakar gida kuma ana gardamar wanda zai aro tabarmi.

Tunanin cewa jimami hanya ce mai zango-zango da ke ƙarewa da dangana ya yaɗu ne musamman daga matakai biyar da likita Elisabeth Kübler-Ross ta bayyana a 1969, alhali ita a kan marasa lafiya masu fuskantar ajalinsu ta yi nazarinta. Masu finafinai sun rungumi wannan tsari domin ya dace da labari mai farko da tsakiya da ƙarshe. Ko fim ɗin Ordinary People na 1980, wanda Robert Redford ya ba da umarni, duk da nagartarsa, ya kai yaron da wansa ya nitse a ruwa ga wata fitowa guda a gaban likitan ƙwaƙwalwa inda ƙullin ya warware. Masana na baya sun nuna abin bai cika tafiya haka ba. A 1999 Margaret Stroebe da Henk Schut suka bayyana cewa mai jimami kai-kawo yake yi tsakanin fuskantar rashin da kuma shagala da hidimar rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya jimami mai tsawo da ke hana mutum gudanar da rayuwarsa cikin sabon kundinta na cututtuka wanda ya fara aiki a 2022. Patrick misali ne na kai-kawon, Lee kuma misali ne na wanda jimami ya tsaya masa cak.

Ƙorafe-ƙorafen da ke Akwai

Akwai suka uku da ya kamata a saurara. Na farko shi ne fim ɗin ya tausaya wa mutumin da shaye-shayensa ya jawo mutuwar 'ya'yansa. Gaskiya ne ya tausaya masa, amma bai wanke shi ba. Daga bakin Lee da kansa muka ji giya da hodar da kuma ci gaba da tafiya bayan ya tuna da ragar murhu. Har a mafarki 'ya'yansa mata suka zo masa suna tambayar ko bai ga wuta na cin su ba, ya farka ya tarar abin da ya ɗora a wuta ya ƙone, hayaƙi ya cika gida. Labarin da ke son wanke mutum ba zai yi masa haka ba.

Na biyu shi ne an ba jimamin uba fili mai faɗi, na uwa kuma fitowa kaɗan. Wannan suka na karɓe ta. Randi ta rasa 'ya'ya ukun da Lee ya rasa, amma ba mu ga yadda ta kwana ta tashi a waɗancan shekaru ba, kuma mai kallo na iya zaton sabon aure da sabon jariri sun warkar da ita. Maganarta a kan titi ta ƙaryata wannan zato, sai dai fitowa guda ba ta isa ta cike giɓin ba.

Na uku shi ne wanda ya fi kusa da mu: cewa Lee mutum ne da ya kasa karɓar ƙaddara, don haka babu abin koyi a tare da shi. A nan ne nake ganin muna yawan cakuɗa abubuwa biyu, wato haƙuri da gushewar zafi. Haƙuri aiki ne da mutum ke yi, ya kame bakinsa da hannunsa, ya sauke nauyin da ke kansa. Gushewar zafi kuwa ba a hannunsa take ba. Labarin Annabi Yaƙub da muka sani tun muna yara ya isa shaida, domin an siffanta shi da kyakkyawan haƙuri, duk da haka baƙin cikin rabuwa da ɗansa Yusuf bai bar shi ba tsawon shekaru har ganinsa ya tafi. Ba ina kwatanta Lee da Annabi ba ne, domin shan giyarsa da faɗace-faɗacensa da yunƙurin halaka kansa ba su da alaƙa da haƙuri. Abin da nake nufi shi ne, daɗewar zafi ita kaɗai ba hujja ba ce a kan kowa. Idan za a auna Lee, a auna shi da yadda ya riƙe amanar da aka bar masa.

Amanar Kuwa ya Riƙe Ta

Ya kai Patrick makaranta da wurin atisaye, ya yi hidimar jana'iza, ya bar yaron ya je ya gana da mahaifiyarsa, da ziyarar ta ƙi daɗi kuma bai yi masa gori ba. Jirgin kamun kifin Joe, wanda Lee ya so a sayar saboda injinsa ya lalace, ya zamo abin da Patrick ya fi ƙauna daga gadon mahaifinsa. Lee ya sayar da bindigogin da Joe ya bari aka sayi sabon inji, kuma a kan wannan jirgin ne muka ga murmushi ya suɓuce masa. Da ya tabbatar zamansa a garin zai iya zama haɗari ga yaron, bai gudu ba kamar yadda ya yi a karon farko. Ya tsaya ya tsara riƙon, ya tabbatar Patrick zai ci gaba da zama a garinsu da makarantarsa da abokansa, sannan ya dube shi ido da ido ya gaya masa dalili. Sanin iyakar ƙarfinsa da neman wanda zai fi shi iyawa, shi ma wani nau'i ne na riƙon amana.

Akwai kuma George da matarsa, waɗanda nake ganin su ne abin koyi na zahiri a fim ɗin. Ba su taɓa yi wa Lee wa'azi ba. Ranar da aka yi masa duka a mashaya George ya kai shi gidansa, matarsa ta wanke masa rauni, ya kifa kansa a jikinta ya yi kuka. A wurinmu gidan makoki kan cika maƙil kwana uku, a yi sadakar bakwai da ta arba'in, mace ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, namiji kuma a sa ran ganin sa a kasuwa ko ofis cikin 'yan kwanaki. Wannan tsari yana da albarka mai yawa, kuma rashin irinsa na daga cikin abin da ya ƙara wa Lee kaɗaici. Amma bayan an naɗe tabarmi kowa ya watse, wanda zafinsa ya wuce arba'in yakan koyi ɓoye shi, domin kalmar "a yi haƙuri" da aka fara faɗa masa da tausayi tana iya komawa umarnin ya yi shiru. A lokacin ne ake buƙatar irin George.

Kammalawa

Ga masu rubuta labarai da shirya finafinai a harshenmu, fim ɗin na da abin da zai nuna musu. Mun saba a yi mutuwa a labari, a nuna zaman gaisuwa, sai a rubuta cewa bayan shekara kaza, a ci gaba kamar mamacin bai taɓa rayuwa ba. Waɗannan shekarun da ake tsallakewa su ne Lonergan ya tsaya a kansu, kuma a cikin 'yan kallonmu akwai iyayen da gobara ko hatsarin mota ko rikici ya raba da 'ya'yansu, waɗanda ba su taɓa ganin halin da suke ciki a allo ba.

Amsata ga abokiyar karatuna ita ce, darasin yana cikin hirar ƙarshe. Bayan an binne Joe, kawu da ɗan wansa suna tafiya a kan hanya suna jefa wa juna wata tsohuwar ƙwallo da suka tsinta. Lee ya ce yana neman gida a Boston mai ɗaki na biyu, ko aƙalla wurin da za a sa kujerar kwana. Patrick ya tambaye shi na mene ne. Ya ce domin idan ya kawo masa ziyara ya sami wurin kwana. Mutumin da ya shafe shekaru a ɗakin da da ƙyar ya yarda aka sa masa kujera, yanzu yana lissafin makwancin baƙo. Bai warke ba, kuma fim ɗin bai yi alkawarin zai warke ba. Hoton ƙarshe ya nuna su biyun zaune a bayan jirgin Joe, kowa riƙe da sandar kamun kifinsa.